Kawu da Rigar da Teku Ta Tafi da Ita

Daga Allah muka zo, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Talata da hantsi, a farkon daminar bana, Allah Ya karɓi ran Kawu, yayan mahaifiyata, tsohon telan nan na bakin kasuwar Gumel da kowa ke kira Alhajin Ƙafa. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa. Na ɗauki alƙalami ne don na ga yadda duniya ke yi da mutum: yau ana cewa wane, gobe a ce wane ne ma?

A zaman makoki kowa da irin Kawun da ya sani. Limamin unguwarsu ya ce bai taɓa ganin mai yawo da allura soke a hula ba sai shi. In ya hango maɓallin rigarka yana reto a masallaci, ba za ka fita ba sai ya ɗaure maka shi, ko da motarka ce za ta tashi. Wani mai gishiri ya taso tun daga Maigatari, ya ce shi fa har yau bai gane abin da tela ke yi da gishiri kwano-kwano ba, sai ka ce mai kiwon raƙuma. Ana cikin haka sai ga wani ƙaton mutum, direban motar haya daga Gagarawa Tasha, ya durƙusa gaban dattawa yana share hawaye da hannun riga.

"Allah Ya jiƙan Baba. Ni ne shugaban 'yan fashinsa na farko."

Aka shiga kallon juna. Wani dattijo daga Sule Tankarkar da bai san zancen ba ya janyo takalmansa kusa da shi. Sai da liman ya ce, "Na wasan makaranta yake nufi, jama'a," sannan aka saki dariya, irin wadda ake yi ana sunkuyar da kai don an tuna inda ake.

Cikin gida kuwa ba dariya. Inna, mahaifiyata, ta iso daga Ɗanzomo bayan an riga an fita da shi. Na shiga na same ta zaune a kan tabarma, idonta a bushe. Na yi mata gaisuwa, ta amsa, sannan ta ce da ni a hankali, "Shi ke nan. Yaya ya tafi da Baba."

Na san abin da take nufi, kuma ya sosa mini rai fiye da kukan kowa. Inna ba ta taɓa ganin mahaifinta ba. Tana cikin ciki ya kama hanyar Makka a ƙasa, kamar yadda mutanen da suke yi, ya tafi da ɗansa namiji mai shekara goma, wato Kawu. Kakanmu bai dawo ba. Kakarmu ma ba ta daɗe ba ta rasu, Inna tana rarrafe, ba ta bar mata komai ba sai wani tsohon zane baƙin saƙi da ke cikin adudunta har yau. Kawu ya dawo yana saurayi da gemu, da Hajji, da sana'ar ɗinki. Babu hoto, babu kabari. Duk abin da ya rage na kakanmu a duniya yana cikin kan mutum ɗaya, shi kuwa mutumin ba ya son zancen.

Ni malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare a nan Gumel. Shekarun baya na ga ɗalibaina suna hamma in ina ba su labarin alhazan ƙasa, sai na ce bari mu mai da shi wasan kwaikwayo a bikin ƙarshen shekara. Na san a gida ana cewa 'yan fashin teku sun tare jirgin su Kawu a Bahar Maliya, to ai ga wasa ya samu. Ban tambaye shi komai ba, tunda ni ne mai takardar shaida. Na je kasuwar Maigatari ranar Alhamis na zaɓo gwanjo: baƙaƙen kwat, jajayen ɗankwalaye, manyan takalman soja. Na sa aka yanka fata don rufe ido ɗaya, aka zana ƙoƙon kai a baƙar tuta, duk yadda muke gani a finafinai. Na kwaso na kai wa Kawu shago ya rage musu tsawo.

Ya ɗaga kwat ɗin da yatsa biyu kamar wanda ya tsinci mushe.

"Malamin tarihi, wannan na wane ne?"

"Na 'yan fashin teku ne, Kawu."

"Wace tekun?"

"Taku mana."

"To a tamu, wanda ya sa wannan kafin la'asar ya dahu. Kuma don Allah, wa ya tsiyaye musu ido gaba ɗayansu?"

Na ce ai haka aka san su. Ya ce wa ya san su? Na ce duniya. Ya ce duniyar tana cikin jirgin? Raina ya ɓaci, na tattara kayana na ce zan kai wa wani tela. Ya ce Allah Ya kiyaye hanya, ya ci gaba da taka kekensa. Kwana uku ban bi ta gaban shagon ba. A na huɗu ya aiko mini da ƙunshi: wani guntun gyauto da ya koɗe, ya yi tauri, da rawani ɗan ƙarami mai gefe a yayyage. Na koma na same shi.

Ya ce, "Waɗanda suka hau jirginmu, da a kasuwa ka gan su sadaka za ka ba su. Ƙafa ba takalmi, haƙarƙari a waje. Yunwa ce ta fito da su, ba sarauta ba. In za ka nuna wa yara, nuna musu gaskiya. Ƙarya a ɗinki ma ƙarya ce."

Daga ranar ya karɓe aikin daga hannuna, ni na koma mai riƙe masa bakin ƙyalle. Kayan wasan nan ba ya bari keke ya taɓa su, sai allura da zare, don a cewarsa mutanen ba su san keke ba. Ba zif, ba roba, maɓalli sai na ƙulli. In ya gama ɗinki sai ya jiƙa kayan a ruwan gishiri, ya shanya a ranar bazara, ya sake jiƙawa, ya sake shanyawa, har sai sun yi fari-fari sun tsaya da kansu. Ya ce haka iskar teku ke yi wa tufa. Iya, matarsa, ta sha kai ƙararsa wurina. "Ka yi wa kawunka magana. Jiya na zo zuba gishiri a miya na tarar wandon ɓarawo ya shanye."

Takubban da na sa aka lulluɓe da takarda mai ƙyalli ya ce in kai wa masu tallan alewa. Ya sa aka sassaƙa gajerun wuƙaƙe masu lanƙwasa da itacen aduwa, ya shafe su da toka da jar ƙasa har suka yi kamar masu tsatsa. Salkar ruwa sai ta fata ta gaske, igiya sai ta kaba. Jirgin kansa da kara da zana muka ɗaura shi a kan amalanke, ɗalibai suna kaɗa shuɗɗan zannuwa a ƙasa a matsayin ruwa. Liman da farko ya ɗan ɗaure fuska, ya ce yaushe aka fara koya wa yara fashi? Da ya zo ya gani da idonsa, shi ya kawo aron tsohuwar gafakarsa, jakar fatar da yake sa Alƙur'ani, don alhazan wasan su rataya.

Kuskurena na biyu ya fi na farko. Jirgin irin na da ne, wanda ake ɗaura wa babban ƙyalle iska ta tura shi. Na sayo farin alawayyo falle guda, sabo fil, na kawo ina jiran a yaba mini. Kawu ya shimfiɗa shi a ƙasa, ya ɗauko almakashi ya shiga yanka shi gunduwa-gunduwa.

"Kawu! Sabo ne fa!"

"Na gani. Zauna."

Na zauna. Bai dube ni ba, yana yanka yana magana. Ya ce da mutanen suka gama kwashe guzuri da salkuna, sai suka kwance ƙyallen jirgin suka tafi da shi, don kada a bi bayansu. Aka bar alhazai a tsakiyar ruwa, jirgi ba ya gaba ba ya baya, rana tana dukan su. Kowa ya saddaƙar. To alhajin ƙasa ba ya tafiya sai da likkafaninsa a cikin kaya, don bai san inda ajali zai same shi ba, su kuwa 'yan fashin ba su taɓa likkafani ba, sun ji tsoro. Sai kakanmu ya kwance nasa ya shimfiɗa, ya ce, "Jama'a, wannan don mutuwa muka ɗauko shi. Bari mu fara gwada shi a kan rayuwa." Kowa ya fito da nasa. Mai jirgin yana da allura biyu, ya riƙe ɗaya, ya miƙa ɗaya ga wanda ya fi kowa kaifin ido, yaro ɗan shekara goma sha.

"Ɗinkina na farko ke nan a duniya," in ji Kawu. "Da shi muka kai gaɓa."

Na ce, "Kakanmu fa?"

Almakashin ya tsaya. Ya ce ƙishirwa ta riga ta yi masa illa, ya cika ana gobe za a ga ƙasa. Likkafaninsa yana can sama yana jan jirgi, ba a iya kwance shi ba. Sai aka yi masa sutura da rigar jikinsa, aka sallace shi, aka sa shi a ruwa. Daga nan Kawu ya miƙo mini allura ya ce, "Zura mini zare, idona ya gaji." Ban sake jin wannan zance ba sai a bakin ɗaliban da ke wasa.

Shekara da shekaru muna yin wasan nan. Mutane na zuwa daga Gagarawa da ƙauyukan Sule Tankarkar, in aka zo wurin da ake ɗaga ƙyallen mai faci-faci sai ka ji kabbara ta tashi. Kowace shekara Kawu yana ƙara wani abu, ko ya gyara wani. Abu guda ne ya ƙi yi: rigar jagoran alhazai, wato rigar kakanmu. Duk wanda ya fito a matsayinsa sai dai ya ari farar riga a gida. In na yi magana ya ce, "Baɗi." Baɗi ta zo ya ce, "Ban gama tunawa ba."

Inna kuwa ba ta taɓa zuwa kallo ba. Ta ce ba za ta je ta ga ubanta cikin rigar aro ba. Wata rana ta zo Gumel duba jika, muka biya shagon, a gabana suka yi ta.

"Yaya, ka ɗinka wa ɓarayin da suka kashe shi kaya har da rawani. Shi ne ba za ka ɗinka wa ba?"

"Auta, ki yi haƙuri. In na kuskure ko da wuyan rigar ne, wani mutum daban zan nuna miki."

"Ko wanin ne ka nuna mini! Ni me na gani? Fari ne ko baƙi, dogo ne ko gajere, in na tambaye ka sai ka ce mutumin kirki ne. Haka za ka mutu da shi a cikinka."

Ta ja mayafinta ta fita. Kawu ya bi ta da ido. Sun ci gaba da gaisawa a biki da suna, amma zancen bai sake haɗa su ba, kuma na san yana cin su duka biyun.

Ba a fi mako da wannan ba ya kira ni ya ce in tsaya ya auna ni. Ya auna kafaɗa, ya auna tsawo, ya ja da baya ya ƙare mini kallo ya daɗe. Na ɗauka rigar Sallah zan samu. Sallah ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Na mai da abin tsokana, duk na shiga shagon sai in ce, "Kawu, rigata fa? Ko sai na yi furfura?" Ya ce, "Sannu ba ta hana zuwa, malamin tarihi." Shi da ba ya saɓa alƙawarin ɗinki, abin da ya sa wasu ke cewa ba tela ba ne na gaske, ni kaɗai ya mayar abokin wasa.

Ya kwanta jinya saura wata guda bikin bana, ya cika saura mako uku. Ni har na yanke a raina ba za a yi wasan ba.

Ranar addu'ar bakwai, bayan jama'a sun watse da la'asar, Iya ta kira ni da Inna ɗakinta. Ta janyo wani ƙunshi daga ƙarƙashin gado ta ajiye a gaban Inna. Tun kafin a kwance na ji warin gishiri. Farar taguwa ce ta saƙin hannu, irin wadda ba a gani yanzu, ƙwarya-ƙwarya, wato siraran layukan saƙi, aka haɗa ta da allura. Iya ta ce sai da ya yi ta sintiri wurin wani tsohon masaƙi a bayan Sule Tankarkar kafin ya samu zaren da ya yi masa. Ya ɗinka wuyan ya warware ya fi a ƙirga. Komai ya kammala, sai a kafaɗar hagu akwai wata ɓula kamar tafin hannu, an goge wurin da dutse har ya cinye, irin cin da igiyar gafaka ke yi wa riga.

Na ce, "Ashe bai ƙarasa ba."

Iya ta ce, "Ya ƙarasa nasa." Ta juya wurin Inna. "Ya ce in gaya miki facin yana wurinki. Ranar da za su tashi, mahaifiyarku ta ga kafaɗar ta cinye, babu ƙyalle a kusa, sai ta yanki gefen zanen jikinta ta toshe. Ya so ya je Ɗanzomo ya roƙe ki da kansa. Kullum sai ya ce gobe. Ya ce in ya buɗe baki a gabanki kuka zai yi, shi kuwa yaya ne."

Inna ta sa hannu a cikin ɓular. Ta ce, "Zanen nan na adudu. Shekara saba'in ina kallon gefen nan da aka yanke, ina cewa gara ce." A nan ne ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza, mu ma muka taya ta.

Washegari direban nan na Gagarawa Tasha ya kai mu Ɗanzomo ya dawo da mu, ya ce shugaban 'yan fashi ba ya karɓar kuɗin mota a wurin alhazai. Inna ta ɗauko zanen, ta yanki daidai tafin hannu kusa da tsohon yankan. 'Yar Kawu ta biyu, wadda ke ɗinki a Gagarawa, ta ce a kawo ta ɗinka. Inna ta ce a'a, a dai zura mata zare. Ta zauna a bakin ƙofa inda haske yake, ta yini tana yi. Ɗinkin ya fito a karkace, wani taku babba wani ƙarami. Da Kawu na nan da ya ce haka na asalin yake, don cikin sauri aka yi shi. 'Yar tasa kuwa ta kwashi sauran kayan wasan ta gyaggyara da hannu, ta ce daga bana aikin nata ne, ta kuma aika Maigatari a sayo gishiri.

Da aka zo neman wanda zai sa rigar, duk ɗalibin da ya gwada sai ta ja masa ƙasa. Iya ta dube ni ta ce, "Kai ba ka gane ba har yanzu? Wa aka auna?"

Haka na hau amalanke da furfurata, malamin tarihi a cikin jirgin kara. Filin makaranta ya cika, hadari ya haɗu a gabas amma ya yi mana kawaici. 'Yan fashi suka hau da gyautunansu masu tauri, suka kwashe salkuna, suka kwance ƙyalle. Na shimfiɗa farin alawayyo na faɗi maganar kakanmu. Da aka ɗaga ƙyallen mai faci-faci iska ta cika shi, kabbara ta tashi kamar kullum. Ni dai wuri guda nake kallo: layin gaba a ɓangaren mata, inda Inna ke zaune karo na farko.

Da aka tashi ban kai ga tuɓe rigar ba sai ga ta tana ratsa mutane da sandarta. Ta tsaya a gabana. Ta ce in miƙe sosai, in daina ranƙwafawa. Na miƙe. Ta ɗaga kai tana dubana tun daga wuya har ƙasa, ta zagaya bayana, ta dawo. Ta miƙa hannu za ta taɓa facin, sai da ta yi ɗage sannan ta kai.

Ta yi murmushi, hawaye na bin kuncinta, ta ce, "Ashe Baba dogo ne."

Kawu, ka yi jinkiri, amma ka kawo ɗinkin. Allah Ya haɗa ka da wanda ka bari a ruwa, Ya yi muku sutura da rahamarsa ku duka biyu, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen.